Mai Sunan Inna

Asabar, hantsi

Rabon da in riƙe alƙalami in rubuta abin da ba addu'a ba, tun shekarar babban ruwa, tamanin da takwas, wadda tur'a, babbar magudanar ruwan noma, ta ɓalle ta cinye rabin Hillat Bawa. Ni anka sa in rubuta gidajen da sunka faɗi da masu su, don na san kowa da kakan kowa. Ban yi madarasa ba. Rubutun allo ne nawa, wanda ya iya ya karanta.

Wannan daftari na Ustaza Sabah ne. Ta bar shi ran Alhamis da za ta Madani ɗauko uwarta. Ta ce wa Kulu, matar ɗana Kamal, kullum a rubuta abin da yarinya, jikata, ta ci, da abin da ta yi, da sau nawa ta waiwaya in an kira ta. Kulu ta ajiye shi bisa gado, ba ta ko buɗe ba. To na ɗauka.

Yarinya ta ci asida. Ta jera ƙwallayen dabino a gindin bango, goma sha tara. Ba wanda ya kira ta, don haka ba ta waiwaya ba.

Ustaza ta ce Asabar za ta dawo. Yau Asabar.

Lahadi, bayan La'asar

Ba mota daga Madani. Ba shabaka, wato layin waya ya ɗauke, wayar Kulu ta zama dutse. Ana jin abin, ƙarar yaƙin nan, daga arewa, in iska ta juyo. Yarinya ta wuni hannu a kunne.

Litinin, hantsi

Tunda ba ta zo ba, bari in rubuta yadda abin yake, ko wani ya karanta bayana.

Jikata shekararta bakwai. Ba ta magana. Tana ji, don in tasa ta faɗi a gidan Dije, maƙwabciyata kuma 'yar kawuna, sai ta zabura. Amma kiranta da kiran bango duk ɗaya. Ran suna Kamal ya sa mata sunan uwata don ya faranta min, na kuwa ji daɗi. Daga ranar ba wanda ya sake faɗin sunan a gidan nan. Ni Inna nake ce mata, yadda nake ce wa mai sunan. Kulu kuwa, yarinyar 'yar fari ce gare ta, ba ta kiranta da komai sai "ke", ballantana sunan kakar mijinta. Kamal, kafin ya tafi aiki Port Sudan, Malak yake ce mata, irin na 'yan zamani. Maƙwabta kuma Mai Sunan Inna.

Ustaza ta zo mana wata takwas da sunka wuce, cikin waɗanda sunka baro Khartum, ta sauka gidan Dije. Can aikinta ke nan, koyar da irin waɗannan yara ɗaya bayan ɗaya. Ubanta namu ne, amma Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da ta kasuwa ba. Ta ga yarinya tana juya murfin jabana, butar gahawa, a ƙasa, ta durƙusa kusa da ita har rana ta take. Washegari ta roƙi Kulu ta riƙa kai mata ita kowace safiya. Ta ɗora hannunta bisa na yarinya har ta iya riƙe kofi, har ta iya sa takalmi. Ta nemi takardar asibiti, ta ga suna a jiki, ta kama aiki da shi. Wata uku ana wannan a ɗakin Dije, ni ban sani ba.

Ran nan ta kawo ta tsakar gidana, ta ce, "Ammi Mato, zo ka gani." Ta shimfiɗa shuɗiyar tabarmarta. Ta durƙusa a bayan yarinya har kawunansu sunka daidaita. Ta taɓa kafaɗarta da yatsa biyu. Ta faɗi sunan, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ta jira. Yarinya ta waiwaya ta dube ta cikin ido. Nan take ta sa mata ɓarin dabino a baki.

Kulu ta rufe fuska da mayafi. Ni na ɗauki sandata na tafi hawasha, gonata, na zauna cikin dawa.

Da na dawo na ce, "Ustaza, a gidan nan ba a faɗin wannan suna."

Ta ce, "Malesh ya ammi, yi haƙuri, ban sani ba. Amma yanzu shi ta sani."

Na ce a koya mata Inna. Ta yi dariya, ba ta raini ba. Ta ce ta ƙirga, daga safe zuwa Azahar sau arba'in anka ce Inna a layin nan, ba ɗaya da ake nufin yarinya. Ta ce wannan suna ya kama ne don ba ta taɓa jinsa a banza ba. Ta ce dole mu ma mu riƙa kiranta da shi, don irin wannan yaro in ya saba da murya ɗaya, ita kaɗai yake amsa wa.

Ta ce, "In ba na nan fa?"

Na ce, "Ina za ki?"

Laraba, bayan Azahar

Tun jiya mutane ke wucewa bisa hanyar tur'a, daga arewa zuwa kudu, da katifu a ka. Na tsaya da tulu ina ba su ruwa, ina tambaya. Mace ce doguwa, da tabarau, da tsohuwa tare da ita. Kowa ya ce bai gani ba. Wani ya ce, "Ya Hajj, dogayen mata da tsofaffi ne Madani gaba ɗaya yanzu."

Da hantsi yarinya ta ɗauko shuɗiyar tabarma da kanta, ta ja ta zuwa ƙofar Dije, ta zauna a kai. Har Azahar.

Ba ta waiwaya ba.

Juma'a, bayan masallaci

Sahu biyu da rabi. Liman ya gajarta.

Lahadi, hantsi

Osman mai lori ya zo daga Sennar da saƙon Kamal. Wai mu fito. Wai ya riga ya yi magana da shi, zai kwashe mu da gidaje shida zuwa Mai Wurno, daga nan a ga abin da Allah zai yi.

Na ce ina za ni da shekara saba'in da bakwai. Osman ya ce wannan tsakanina da ɗana ne. Sannan ya dubi yarinya, tana tafiya bisa yatsun ƙafa tana zagaya tulu, ya rage murya.

Ya ce, "Baba Mato, hanyar ba ta da ba ce. Wuri uku ake sauke kowa, a tsaya a layi, wani lokaci sa'a guda. Wanda ya fita layi ba a tambayarsa dalili. Wannan tana tsayawa?"

Na ce, "In ta ga dama."

"In ta ruga, an kira ta tana dawowa?"

Kulu tana bakin murhu. Ba ta ɗago ba.

Ya ce ba zai iya tsayar da lori da mutum arba'in a ciki ana neman yarinya ba. Ya ce in yi haƙuri da ya faɗa. Zai dawo Juma'a ta sama.

Litinin, bayan La'asar

Na ce a ɗaure ta. Dabarata ce, kada wani ya ɗora wa Kulu. Na yage tsohon rawanina, na ɗaura gefe ɗaya a hannunta, ɗaya a nawa, don mu gwada tafiya daga ƙofa zuwa masallaci.

Ba mu kai ƙofa ba. Ta faɗi ƙasa, ta ciji hannunta wurin ƙullin har jini. Kukan da ta yi, matan layi sunka fito. Da na kwance ta shige ƙarƙashin gado, ba ta ci komai ba.

Ustaza ta taɓa gaya min. Ta ce kome anka ɗaura wa jikin yarinyar nan, ko zare ne, ji take kamar wuta. Na ji a lokacin. Na ɗauka maganar 'yan birni ce.

Talata, hantsi

Ba ta dawo ba. Ba ta waiwaya ba.

Laraba, kafin Magariba

Masu bindiga sun zo garin yau da rana tsaka. Ba zan rubuta abin da sunka yi ba, ko abin da sunka ɗauka. Kowa ya sani, kuma ba sai daftarin Ustaza ya ɗauki wannan ba. Abin da ya shafe ni shi ne da sunka fita gidana ba su rufe ƙyaure ba, mu kuma muna ɗaki, kowa ya ɗauka yarinya tana wurin ɗayan.

Na fita ba takalmi. Na hango ta bisa gaɓar tur'a, kamar taki sittin a gabana, tana tafiya bisa yatsu, tana kallon ruwa. Ruwa take so fiye da abinci. An sako shi don alkama, ya cika har baki.

Na ce Inna. Na ce Inna har maƙogwarona ya dushe. Gwiwoyina ba sa gudu. Ta fara gangarawa.

Sunan yana bakina. Na ji shi, ya taho har bayan haƙora. Na ce Inna.

Aminat matar ladan tana ɓoye cikin ciyawar gaɓa tun da sunka shigo. Ita ta fito ta cafki rigarta, ruwa ya riga ya kai mata ƙugu.

Tun ɗazu nake gaya wa kaina ko da na faɗa ba za ta waiwaya ba, don da nisa, don da ihu ne, don ba muryar Ustaza ba ce. Wataƙila haka ne. Ban gwada ba, balle in sani.

Alhamis, hantsi

Kulu ta gaishe ni, ta ajiye shayi, ta koma. Shekara tara tana gidan nan, ba ta taɓa ajiye min kofi ta tafi ba tare da ta jira na kurɓa ba.

Alhamis, bayan La'asar

Dije ta zo da sandarta, ta zauna bisa gadona ba sallama.

Ta ce, "An ce jiya ka yi ta kiran uwarka a bakin tur'a. Ta amsa?"

Na ce ta tashi ta bar min gida.

Ta ce, "Gwaggo shekararta talatin da biyar cikin ƙasa. Kana tsammani tana can ta kasa kunne, ko Mato zai yi rashin kunya?"

Na ce, "Ni zan ji."

"Kai ɗin wa? Kai da kake faɗin sunan jakin da kakanmu ya hau ya baro Burmi. Jaki ka riƙe sunansa, ka faɗa a gaban maza a wurin ɗaurin aure. Yarinya mai rai ka bar ta ba suna."

Na ce tunda bakinta ya fi nawa sauƙi, ta kira ta mana. Ta kuwa juya ta kwaɗa sunan daga inda take zaune, sau uku, kamar mai kiran akuya. Na ji shi har cikin haƙarƙarina. Yarinya tana jera ƙwallayenta, ko gezau.

Na ce, "Ba haka ake yi ba. Durƙusawa ake. Sau ɗaya ake faɗa, a taɓa kafaɗa, a jira."

Dije ta dube ni. Ta ce, "Au, ashe ka iya."

Ita ba za ta bi lorin ba. Ta ce wanda ke son gidanta ya zo ya ɗauke ta da shi.

Asabar, bayan Azahar

Wani ɗan Kamlin da ya kwana masallaci ya ce ya ga mace mai tabarau a hanyar Sennar, tana tura tsohuwa cikin amalanke. Na tambaye shi doguwa ce, ya ce a sunkuye take. Abokin tafiyarsa ya ce ba tabarau, kuma tsoho ne a amalanken.

Na rubuta don in Ustaza ta karanta ta san mun tambaya.

Lahadi, hantsi

Na dawo daga hawasha da wuri, don ba abin yi, dawar ma ba mai yanka. Na ji motsi bayan madafa. Na leƙa ta tsagar zana.

Kulu ce durƙushe bisa shuɗiyar tabarma, a bayan 'yarta, da ɓarin dabino a hannu. Ta duba hagu, ta duba dama. Ta taɓa kafaɗa. Leɓenta ya motsa, amma abin da ya fito iska ce kawai, ni da nake taki uku ban ji ba. Ta jira. Ta sake. Sau biyar ina tsaye.

Na koma ƙofa, na yi tari, na shigo kamar yanzu na iso.

Lahadi, bayan La'asar

Ita ta fara magana. Tana tankaɗe, bayanta gare ni.

Ta ce, "Baba, na san ka gani."



Ta ce, "Kunyar 'yar fari na ajiye ta tun ran Laraba. Amma sunan mahaifiyarka ne. Ba zan ɗaga murya da shi a gidanka kana raye kana ji ba, ba a koya min haka ba. In kai ka faɗa, ni ma zan iya."

Na ce, "In ban faɗa ba fa?"

Ta ce, "To ba za mu hau lorin ba. Ba zan kai ta layi ta ruga ba."

Ta ci gaba da tankaɗe.

Litinin, bayan Azahar

Na gwada. Kulu ta tafi ɗebo ruwa. Na shimfiɗa tabarma, na durƙusa, gwiwata ta yi ƙara har yarinya ta toshe kunne. Na jira ta sauke hannu. Na taɓa kafaɗarta da yatsa biyu.

Na ce Inna.

Na cinye dabinon da kaina.

Talata, hantsi

Duk yaron gidanmu da ya kai shekara bakwai, ina zaunar da shi in faɗa masa hanya. Daga Burmi zuwa Barno, zuwa Wadai, zuwa Fashir, zuwa bakin kogin nan. Wanda ya mutu a kowane zango, da wanda anka haifa. Mutum ɗari da goma sha ɗaya, maza da mata. Haka kakana ya ba ni, haka na ba Kamal, ko da shi da Larabci yake amsa min. In na iso kan uwata sai in ce, mai ɗakin Bawa Ƙarami, wadda ta haife ni, in wuce. Yau na lura duk wanda ya koya daga bakina, ɗari da goma ya samu.

Sau ɗaya na taɓa faɗa. Ina ɗan shekara shida, a Mai Wurno. Wata maƙwabciya ta kira ta ta bisa katanga, ni kuma na maimaita, don na ji daɗin yadda yake fita. Tana daka. Ta tsayar da taɓarya, ta waiwayo ta dube ni. Ba ta doke ni ba. Ta ce, "Ni sa'arka ce?" Ranar ba ta sake duban inda nake ba har dare.

Shekara saba'in da ɗaya ke nan.

Yau na zaunar da yarinya na faɗa mata hanya, tana jera ƙwallaye. Ban sani ba ko ta ji. Da na zo wurin na tsallake, kamar kullum.

Laraba, hantsi

Osman ya aiko. Juma'a bayan Asuba, a bayan makaranta. Ƙulli ɗaya kowane mutum. Ya ce a tambaye ni mutum nawa daga gidana. Na ce a gaya masa zai ji gobe.

Laraba, kafin Magariba

Na je kushewar uwata. Na share ta, na zuba ruwa, na karanta abin da na iya. Na gaya mata abin da ake ciki, da tur'a, da layi, da Kulu. Na ce in laifi ne ta yafe, kuma ta tuna ba ni na sa wa yarinya sunan ba, jikanta ne. Na zauna ko zan ji wani abu a raina. Ban ji komai ba, sai abin nan daga arewa.

Ustaza wata uku ta yi kafin yarinya ta waiwaya mata. Ta iya aikin, tana da haƙuri, tana da gwiwoyi. Ni yini ɗaya gare ni. Ta ce in sabuwar murya ce, wani yaro kwana biyu, wani wata guda, ba mai iya cewa. Ko ta waiwaya bisa tabarma a tsakar gida, ban sani ba ko za ta waiwaya a layi, da mutane, da ƙara. Duk na san wannan. Dabino bakwai ya rage a gwangwani, na raba kowane huɗu.

Ustaza, kin ce a rubuta sau nawa ta waiwaya. Kwana goma sha tara, babu ko ɗaya. Ba laifinta ba ne. Ba a kira ta yadda ya kamata ba.

Bari in gani ko hannu zai iya abin da baki ya ƙi.

Ramatu.

Ya rubutu. Na daɗe ina kallonsa.

Gobe in na idar da Asuba ba zan tsaya lazimi a masallaci ba. Zan dawo in shimfiɗa shuɗiyar tabarma a tsakiyar gida, ba bayan madafa ba. Zan ce wa Kulu ta bar murhu ta zo ta tsaya inda za ta ji. Zan durƙusa, in jira yarinya ta sauke hannu daga kunne, in taɓa kafaɗarta da yatsa biyu, in faɗa sau ɗaya yadda za a ji. Sannan in ƙirga biyar a zuci, in jira.